Gidan shayin kyanwoyi: wanne za a shiga, wanne za a wuce?

Ƙanwata ce ta kira ni ana saura mako biyu su tashi zuwa Istambul, daga can kuma su biya ta Dubai. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Yaya, yaran nan sun hana ni sakat. Sun gani a waya wai akwai inda ake shan shayi kyanwoyi na yawo a kan kujeru, sun ce sai an kai su. Ni kuma ka san halin da nake ciki." Juna biyu take nufi, wata biyar. Ta san na zauna a Kuala Lumpur lokacin karatu, ta kuma san ni da son mage tun muna yara, lokacin da nake ɓoye wa muzurun gidanmu kan kifi a bayan randa. Amsar da na ba ta ta ci mana kusan awa guda a waya. Shi ya sa na ga gara in rubuta ta, don ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba. Ɗalibanmu da ke Malesiya da Turkiyya da Ingila, da 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga Dubai da Guangzhou, duk suna cin karo da irin waɗannan wurare.

Daga Taiwan abin ya samo asali. A 1998 aka buɗe na farko a birnin Taipei, mai suna Cat Flower Garden. Japanawa masu zuwa yawon buɗe ido suka gani suka kai gida, aka buɗe Neko no Jikan a Osaka a 2004, kafin a ankara Tokyo ta cika da su. Dalilin a fili yake. Gidajen haya a biranen Japan ƙanana ne, masu gidaje da yawa ba sa yarda ɗan haya ya ajiye dabba, ga mutum ya taso daga aiki a gajiye zai koma ɗaki shi kaɗai. Sai ya biya kuɗin awa guda ya zauna kusa da wani abu mai rai. Daga nan abin ya tsallaka Turai: Vienna a 2012, Paris a 2013, Landan a 2014 da Lady Dinah's Cat Emporium, wanda jama'a suka yi wa karo-karo ta intanet har aka buɗe shi. A shekarar ce kuma Cat Town ya buɗe a Oakland ta Amurka. Dubai ta samu nata, Ailuromania, a 2015.

In ka tsaya daga bakin titi duk kamanninsu ɗaya: gilashi, kujeru masu taushi, mage kwance a taga. Sai ka shiga za ka gane iri biyu ne. Na farko shi ne wanda nake kira gidan nuni. Kyanwoyin mallakar mai wurin ne, sayo su ya yi, galibi masu tsada, kuma a nan za su zauna har tsufa. Na biyu gidan riƙo: an tsinto kyanwoyin daga titi ko an karɓo su daga gidan ajiyar dabbobin da ba su da masu su, ana yi musu magani, suna jiran wanda zai ɗauke su ya kai gida. Shayin da kuɗin shiga su ke ciyar da su. Akwai kuma hanya ta uku da ba ta buƙatar tikiti, zan zo kanta.

Gidan nuni

Shi ne wanda yara ke gani a waya, don shi ne mai kyan hoto. Na taɓa shiga wani a hawa na uku na wata babbar kasuwar zamani. Tun daga ƙofa zarni ya buge ni, irin mai shiga ido, an bi shi da turaren feshi don a rufe, sai abin ya haɗu ya zama wani wari na daban. Ɗakin bai fi falon gida ba. Na ƙirga kyanwoyi goma sha bakwai, akwatin bayan gidansu uku, ɗaya yana ƙarƙashin teburin da ake ajiye kofuna. Wata farar mage mai dogon gashi da shafaffen hanci tana zaune a kan kanta, hawaye ya yi mata baƙin layi daga ido zuwa baki, tana numfashi da ƙyar kamar mai mura. Wani yaro ya zura hannu cikin kwandon da wata ta ɓuya ya jawo ta da ƙafar gaba. Ma'aikaciyar wurin tana kallo, ba ta ce uffan ba, don uban yaron ya biya. Ban iya shanye shayin ba.

Wannan shafaffen hancin da ake sha'awa a jikin kyanwar Farisa ba ado ba ne a wurinta. An yi ta haɗa masu gajeren fuska da juna har hanyar numfashi ta matse, magudanar hawaye ta karkace, haƙora suka cunkushe. Mai naɗaɗɗen kunne da ake kira Scottish Fold ma haka. Abin da ya naɗe kunnen lahani ne a guringuntsi, kuma bai tsaya a kunne ba, yana bin gaɓoɓin ƙafa da wutsiya, ya sa mata ciwon gaɓɓai tun tana ƙarama. Zaman nan da take yi a miƙe kamar mutum, da mutane ke dariya suna ɗauka a waya, mai yiwuwa neman sauƙin ciwo take yi. Munchkin kuwa an gajarta mata ƙafa, an rage mata tsallen da Allah ya yi ta da shi. Gidan da ya tara waɗannan a taga don jawo masu wucewa, kuɗin shigarka ne ke sa ya koma wurin mai kiwo ya sake sayo wasu.

Amma ba zan yi musu kuɗin goro ba. Gidan nuni mai tsoron Allah yana da wata fa'ida da gidan riƙo ba shi da ita, wato zaman lafiyar garken. In kyanwoyi takwas suka taso tare tun suna ƙanana, sun san juna, kowace ta san kujerarta da wurin kwananta, kuma ba a shigo musu da baƙuwa duk mako. An san tarihin rigakafin kowace. Cuta ba ta cika samun ƙofar shiga ba. Sun saba da mutane, ba sa firgita in an yi tari. Ga mai ƙananan yara, ko mai tsoron yakushi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tambayar da nake yi wa irin wannan gida ita ce: in mage ta tsufa, ko ta gaji da mutane, ina kuke kai ta? Gidan kirki yana da amsa a shirye. Za su ce wance ta koma gidan ma'aikacinmu, wance tana ɗakin baya ba ta fitowa. Wanda ya fara inda-inda, to akwai lauje cikin naɗi.

Gidan riƙo

Zuciyata ta fi karkata nan, kuma ba zan ɓoye ba. Tsarin da Cat Town ya yi suna da shi ke nan: ƙungiya ce ba ta neman riba ba, tana karɓo kyanwoyi daga gidan ajiyar dabbobi na birnin, musamman masu jin tsoro da tsofaffi waɗanda ba mai kallonsu in suna cikin keji. Mage a keji takan naɗe a lungu ta yi tsit, mai neman ɗauka ya ga kamar ba ta da fara'a, ya wuce. In aka sake ta a ɗaki mai faɗi sai halinta na gaskiya ya fito, ta samu gida. Kowace da aka ɗauka kuma ta bar gurbi ga wata.

Wanda na fi zuwa a Kuala Lumpur irin wannan ne. Ƙofa biyu gare shi, ba a buɗe ta biyu sai an rufe ta farko. Tsakaninsu za ka cire takalmi, ka wanke hannu da sabulu a famfo, wata yarinya ta karanta maka doka: kar ka ɗaga mage, kar ka tashi mai barci, kar ka kunna hasken kyamara, kar ka ba su abin da kake ci. A ƙasan bangon baya akwai wata 'yar kafa, daidai wucewar mage, mutum ba zai iya ko zura kai ba. Bayanta ɗakinsu ne, inda abincinsu da bayan gidansu suke. Ranar farko na zauna minti arba'in babu wadda ta kula ni. Can sai wani tsohon muzuru mai yankakken kunne ɗaya, alamar an dandaƙe shi tun yana titi, ya sauko daga kan katako, ya shinshini gwiwata, ya juya sau biyu ya kwanta a kan ƙafata. Na ji gurnaninsa har cikin ƙashina. Bayan wata biyu na koma ban gan shi ba, aka nuna mini hotonsa a bango, kwance a kan gadon wata tsohuwa da ta ɗauke shi.

Sai dai shi ma gidan riƙo yana da nasa ciwon, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Shige da ficen nan da ke sa shi amfani, shi ne kuma ke dagula wa kyanwoyin lissafi. Mage tana gane 'yan gidansu da ƙamshi. Duk sanda aka fitar da ɗaya aka shigo da wata, sai an sake rabon wuri, a yi hararar juna, wata ta daina cin abinci, wata ta fara fitsari a inda bai kamata ba. Baƙuwa kuma tana iya zuwa da guzurin cuta daga titi: murar kyanwoyi, makero, ƙuma, tsutsar ciki. Gidan da ya san aikinsa yana killace sabuwar zuwa a wani ɗaki na daban har a yi mata gwaji da allura kafin ta shiga cikin sauran. Wanda bai da wurin killacewa, ko da niyyarsa ta fi madara fari, asibiti ne marar likita. Kuma akwai masu rubuta "ceto" a allo don jan tausayi, alhali shekara ta zagayo ba su ba kowa mage ko ɗaya ba. Ka tambaya: nawa aka ɗauka bana, kuma da wace ƙungiya kuke aiki?

Abin da ya sa duk wannan ke da muhimmanci yana cikin halittar magen kanta. Kakarta ita ce kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, irin wadda har yanzu ake samu a dazuzzukan Sahel, kuma ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take tsare yankinta. Kare ya gaji zaman garke, mage ba ta gada ba. Tana iya zama da 'yan'uwanta in ita ta zaɓa, kuma in akwai hanyar kaucewa. Tana barcin awa 12 zuwa 16 a yini, mafi yawansa da rana, daidai lokacin da baƙi ke tururuwa. In ta takura ba ta kuka a ji. Sai dai ka ga ta lashe gashin cikinta har fata ta fito, ko mafitsararta ta kumbura tana yawan tsugunno, wanda likitocin dabbobi suka daɗe da danganta shi da damuwa. Kan wannan ne a watan Maris na 2025 manyan ƙungiyoyin kare dabbobi biyu na Birtaniya, RSPCA da Cats Protection, suka nemi a daina ba da sabon lasisi, a bar waɗanda ke akwai su ƙare a hankali. A lokacin akwai fiye da 30 masu lasisi a Ingila. Hujjarsu ita ce kusan ba zai yiwu a biya wa mage buƙatunta a irin wannan wuri ba. Masu gidajen suka ce a tsaurara doka, a rufe na banza, a bar na kirki. Ni ina ganin kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma na fi jin maganar masu cewa a tsaurara, saboda na ga wancan tsohon muzuru da idona.

Japan ta riga kowa ɗanɗana wannan. A 2012 ta hana baje kolin dabbobi bayan ƙarfe 8 na dare, sannan ta sassauta wa gidajen shayi zuwa ƙarfe 10, da sharaɗin kyanwoyin manya ne kuma suna da damar zuwa wurin hutawa. A 2016 hukumomin Tokyo suka dakatar da wani gida a unguwar Sumida, bayan an samu kyanwoyi 62 a ɗakin da bai wuce murabba'in mita 30 ba, da yawansu ba lafiya. Ba a dandaƙe su ba, suka yi ta haihuwa har abin ya fi ƙarfin mai wurin.

Maganar tsafta da lafiyarka

A nan ne ƙanwata ta fi kasa kunne. Abin da na fara gaya mata shi ne, tsaftar wurin da jin daɗin magen tafiyarsu ɗaya. Gidan da ya cunkusa su shi ne mai zarni, shi ne mai atishawa, shi ne kuma inda za a yakushi ɗanka, don mage mai hanyar gudu ba ta cika kai hannu ba.

Babban bambancin da za ka duba shi ne inda ake haɗa abinci. A Amurka dokar tsaftar abinci ba ta yarda dabba ta shiga wurin da ake dafawa ko sayarwa ba, don haka gidajen can kashi biyu ne: ɓangaren shayi daban, ɗakin kyanwoyi daban, gilashi a tsakani. A wasu ƙasashen kuwa ɗaki ɗaya ne, mage na iya taka tebur da ƙafar da ta tono bayan gida da ita yanzun nan. In ka samu mai gilashi, shi ne zaɓin farko ga mai juna biyu da tsoho da jariri. In ɗaki ɗaya ne, ka nemi abin sha mai murfi, ka bar kek da duk abin da ake ci da hannu sai ka fito.

Cutar da mata masu ciki ke tsoro ita ce tokzoplasma, kuma tsoron na da tushe, don in mace ta kamu karon farko tana da ciki, tana iya taɓa idon jariri ko ƙwaƙwalwarsa, ko ta jawo ɓari. Amma a san hanyarta. A kashin mage ƙwayar take fita, ba a gashi ba, kuma ba ta zama mai kamawa sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Magen ma makonni kaɗan take zubar da ita bayan ta kamu, galibi ta hanyar cin ɓera ko ɗanyen nama. Ke nan magen da ke kulle a ɗaki, tana cin abincin leda, ana kwashe bayan gidanta kullum, hatsarinta kaɗan ne. Tsiren da bai gasu ba, da latas ɗin da ba a wanke da kyau ba, da taɓa ƙasar lambu ba safar hannu, sun fi ta zama barazana. Duk da haka na ce da ƙanwata, tun da ba za ki iya sanin yaushe aka kwashe ba, kuma ba wata larura ce ta kai ki ba, ki zauna a bayan gilashi. A nan gidan nuni mai tsayayyen garke ya fi gidan riƙo mai sabbin zuwa daga titi aminci, kuma 'yan ƙananan kyanwoyi sun fi manya hatsari.

Abin da ya fi faruwa a zahiri shi ne makero. Naman gwari ne ke kawo shi, yana bin gashi da kujera da bargo, mage na iya ɗauke da shi ba a ga alama ba, bayan mako ɗaya ko biyu sai ka ga zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi a hannun yaro ko a kansa. Yana jin magani, amma yana da naci, kuma yana bin 'yan ɗaki ɗaya. In ka ga mage da gashinta ya zube a zagaye, musamman a kunne ko fuska, kar yaro ya taɓa. Sai yakushi. Akwai wata ƙwayar cuta da ƙuma ke yaɗawa tsakanin kyanwoyi, ta maƙale a farce, in ta shiga jiki sai kaluluwa ta fito a hammata ko wuya bayan mako ɗaya zuwa uku, da ɗan zazzaɓi. Ga mai ƙoshin lafiya takan wuce da kanta, amma mai raunin garkuwar jiki, kamar mai shan maganin ciwon daji ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, ya nisanci wurin gaba ɗaya. Cizo ya fi yakushi muni, don haƙorin mage siriri ne, yana tura ƙwayoyin cuta can ciki bakin raunin ya rufe, kafin kwana ɗaya hannu ya kumbura. Wannan na asibiti ne, ba na jira a gani ba.

Ciwon haukar kare kuwa ya danganta da ƙasa. Japan ta rabu da shi tun shekarun 1950, Birtaniya ma babu shi a karnuka da kyanwoyinta. Turkiyya akwai shi, jihar Sarawak ta Malesiya kuma tana fama da shi tun 2017. Duk inda mage da ba a san rigakafinta ba ta ciji mutum ko ta yakushe shi, ko da jini bai fito ba, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Mai asma ko mai atishawa in ya kusanci mage, shi kam ba gidan da ya dace da shi, komai tsaftarsa. Abin da ke tayar masa da ciwon yana cikin yawun magen da maiƙon fatarta, yana yawo a iska yana manne wa labule, mopa ba ta kawar da shi.

Akwai kuma cutar da kai za ka iya kai musu ko ka ɗebo wa taka ta gida. Wata cuta mai kashe 'yan kyanwoyi da amai da gudawa, ƙwayarta na iya yin wata da watanni a ƙasa, tana bin takalmi da tufafi. Ta taɓa ɓarkewa a wani gidan shayi a yankin Tokyo a 2018, kyanwoyi suka mutu. Don haka in an ce ka cire takalmi ka wanke hannu, ba wulaƙanci ba ne. Gidan da bai ce maka komai ba a ƙofa shi ne abin tsoro. Kuma kar tausayi ya sa ka miƙa musu abin hannunka: cakulan da kofi da albasa da tafarnuwa guba ne a gare su, madarar da muka taso muna zuba musu ma takan sa manyansu gudawa.

Ƙanwata ta yi tambayar da na san za ta yi: "To Yaya, in gashin ya hau mini hijabi, zan iya salla da shi?" Na tuna mata hadisin Abu Ƙatada da muka karanta a Islamiyya, cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Gashinta da yawunta ba sa hana salla. Fitsari da kashi ne abin kiyayewa, shi ya sa gida mai zarni ke da matsala ta nan ma, don ba ka san abin da kujerar ta sha ba. Amma hadisin da ya fi tsaya mini a rai duk sanda na shiga irin wurin nan shi ne na matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kyanwoyin gidan shayi suna ƙoshi, wannan gaskiya ne. Amma a kulle suke, kuma da kuɗinmu ake kulle su, don haka haƙƙin duba halin da suke ciki ya hau kanmu.

Hanya ta uku

Ga mai zuwa Istambul, ban ga dalilin biyan kuɗin shiga ba. Garin gaba ɗaya gidan shayin kyanwoyi ne. A Kadikoy da Uskudar da lungunan Fatih za ka ga kwanukan ruwa da abinci a ƙofar shaguna, da 'yan akwatunan kwana da mutanen unguwa da hukumomin gari suka ajiye musu. Ka zauna a kowane gidan shayi na bakin titi, a kawo maka shayi a ɗan kofin gilashi, kafin ya huce wata ta zo ta zauna a kujerar kusa da kai. Ita ta zo da ƙafarta, in ta gaji ta tafi. A Kadikoy har mutum-mutumin wata mage mai suna Tombili aka kafa a 2016, a daidai dakalin da take kishingiɗa. Ta fuskar 'yancin dabbar, ba gidan da ya kamo wannan. Ta fuskar lafiya kuwa shi ne na baya: ba ka san wadda aka yi wa allura ba, suna cin ɓera, suna da ƙuma, kuma rayuwar titi ba hutu ba ce, akwai sanyin hunturu da mota. Nan wurin kallo ne da zuba abinci, ba wurin runguma ba.

Da aka zo kan yara na fi tsawaita mata. Ɗanta na fari shekara tara, yana jin magana. Ta biyun shekara uku, ba abin da ta sani sai cafka. Gidaje da yawa suna da ƙa'idar shekaru, wasu ba sa karɓar ƙananan yara sam, kuma in ka ga wannan ƙa'ida alama ce mai kyau. Na koya wa babban ta waya yadda zai yi: ya zauna a ƙasa, ya miƙa yatsa ɗaya ya jira. In ta shinshina ta goga kumatu, ya shafa kai da ƙarƙashin haɓa, ya bar ciki da wutsiya. In ya ga kunne ya kwanta baya, ko bakin wutsiya na kaɗawa, ko fatar baya na motsi, ya janye hannu. Ya ce, "Kawu, in ba ta zo ba fa?" Na ce sai ka ƙyale ta, ka kalle ta daga nesa, ka sha abinka.

Shawarar da muka tsaya a kai ita ce, a Istambul kowa ya kalla da ido. A Dubai uban ya kai babban shi kaɗai, da safe ranar aiki kafin wuri ya cika, bayan ya leƙa ya shaƙi iskar wurin, ya ƙirga kyanwoyi, ya ga ko suna da inda za su hau sama da inda za su ɓuya, ya kuma tambayi ina bayan gidansu yake. In ya ji zarni, ko ya ga ana ɗaga mai barci don hoto, su juya ko da sun biya.

Kwana huɗu da tafiyarsu ta turo mini hoto daga bakin ruwa a Uskudar. Tana zaune da kofin shayi a hannu, 'yar ƙaramar na kan cinyar ubanta an riƙe ta gam. Babban ya tsuguna a ƙasa, yatsa ɗaya a miƙe, wata mage mai ruwan toka ta tsaya taku biyu daga gare shi tana duban yatsan. A ƙasa ta rubuta, "Yaya, minti goma ke nan yana haka, ya ce kar kowa ya yi motsi."